Gwangwanin da Aka Samu a Akwatin Saude

Hadiza, gwangwanin madarar da kika samu a ƙasan akwatin mahaifiyarki nawa ne. Ƙwayoyin da ke cikinsa ni na zuba su, ɗaya bayan ɗaya, da hannun nan da yake riƙe da biro yanzu. Na fara da wannan ne don kada in kai tsakiyar takarda in manta abin da ya zaunar da ni, don kaina ya zama rariya, abin da aka zuba da safe ba ya kai azahar. Ranar da kuke rabon kayanta kin fito tsakar gida da gwangwanin, kin buɗe shi a gaban gwaggonki Asabe, ina zaune a kan tabarma ina jin abin da kuke faɗa a kan matar da ko sati biyu ba ta yi a kabari ba. Na yi shiru. Wannan shi ne shiruna na biyu, kuma ba na so Allah ya karɓi raina a kan na uku. Ke da yayanki Babangida ku karanta wannan har ƙarshe, kada ku tsallake inda ya yi muku ɗaci.

Kun taso kun ji ana ce mini Ya'u Mai Kala, amma ba na jin kun san abin da sunan yake nufi a wurina. A kamfanin fatar da na yi aiki a Challawa, ni ne mai haɗa rini. Masu saye daga ƙasashen waje sukan aiko da guntun fata kamar tafin hannu, su ce irin wannan launin suke so. Manaja ya miƙo mini, in fita da shi bakin ƙofa inda rana take, in lashi babban yatsa in goga, in duba. Kafin in koma ciki na san awon ja, na san awon ruwan ɗorawa, na san ɗan baƙin da za a ɗiga don ya kwantar da shi. In na tsaya gaban sikeli kuwa, baya nake juya wa kowa. Ba rowa ce ta sa ba, ko kuwa in ce ba rowa ce kaɗai ba. Wanda ya koya mini aikin, Malam Tanko, lallaɓa shi aka yi ya rubuta duk haɗe-haɗensa a littafi, wai don tarihi. Littafin bai yi wata biyu a ofis ba aka sallame shi, aka ɗauko mai araha aka ba shi littafin. Ranar da na raka shi bakin get da ledar kayansa, ya kama hannuna.

"Ya'u, kada ka kuskura ka juye kanka a takarda. Ran da ka juye, ran nan ka zama buhun da aka zazzage."

Na riƙe wannan magana fiye da yadda na riƙe wasu hadisan, Allah ya yafe mini. Manaja uku suka zo suka tafi, kowanne ya roƙe ni in rubuta, kowanne na ce masa to, gobe. An rage ma'aikata ba sau ɗaya ba, an kori masu takardun makaranta, ni ina nan, saboda launukan kamfanin gaba ɗaya a ƙarƙashin hulata suke. Mahaifiyarku takan zolaye ni in na dawo da hannu shuɗi ko ja, ta ce ita ba ta san launin mijinta na ainihi ba, kullum sabo ake kawo mata. Ni kuwa daɗi nake ji. Ina tafiya a layinmu na Panshekara kamar wanda ya haɗiye tabarya.

Ciwon ya fara da kumburin ƙafa, takalmin roba ya daina shigata. Sai fuska, sai amai da safe. Na sha saiwa, na sha rubutu, na sha abin da duk wani mai baki ya ce in sha, har ranar da na yanke jiki na faɗi kusa da gangar rini. A asibiti suka ce ƙodojina biyu sun gaji, sai wankin jini da na'ura, kuma in ana son in koma mutum sosai sai dashen wata ƙodar. Yadda aka yi aka tsaya mini har aka kai ga aikin, wannan labarin mutane ne masu yawa, ba nan ne wurinsa ba. Abin da ya kamata ku sani shi ne wanda ya ba da ƙodar. Baffanku Ɗanlami ya baro gonarsa a ƙauyenmu can Jigawa ana tsakiyar girbi, ya zo ya zauna a bakin gadona yana ɓare gyaɗa, kamar wanda ya zo kallon ƙwallo.

"Yaya, an ce guda biyu gare ni, kuma wai ɗaya ta isa. To ta biyun zaman me take yi?"

Na ce masa yana da 'ya'ya ƙanana, kuma noma aikin ƙarfi ne.

"Kai ka goya ni ka tsallaka da ni rafi ran da ruwa ya ci gadar garinmu. Ban tuna ka tsaya tambayar ko bayanka zai yi ciwo ba."

Matarsa ta yi kuka, ta ce ba ta yarda ba. Bai saurare ta ba. Aka gwada jini, ya dace, aka sa rana.

Abin da na sani game da aikin kaɗan ne. An sa mini wani abu a hanci, an yi mini allurar barci, wani ya ce in ƙirga, ban kai biyar ba. Amma farkawar ita ce ba a gaya mini yadda za ta kasance ba. Kwana uku na yi ban san inda nake ba. An ce na riƙa yi wa ma'aikatan jinya tsawa wai su kashe ganga ta huɗu kafin fata ta ƙone. Saude ta tsaya a kaina, na san fuskar, na san muryar, na san tawa ce, amma sunan ya ƙi zuwa. Na dube ta na ce, "Baiwar Allah, ba ni ruwa." Ta ba ni, ta fita waje, sai daga baya na ji cewa kuka ta je ta yi. Likitar, wata mace mai natsuwa, ta ce allurar barci takan yi wa masu shekaru haka, a hankali zai washe. Ya kuwa washe, amma ba duka ba. Kamar rigar da aka wanke ce, datti ya fita, launi ma ya bi shi.

Ranar sallama likitar ta zaunar da ni da Saude, ta jera magunguna a kan tebur.

"Malam, jikinku yana da sojoji masu kare shi. A wurinsu wannan ƙodar baƙuwa ce, ba ruwansu da cewa ta ƙaninku ce. Waɗannan ƙwayoyin su ne suke kwantar da su. Safe da yamma, a kan lokaci, har iyakar rayuwa. Ran da kuka daina, ran nan za su tashi mata."

Ta juya ga Saude.

"Hajiya, a hannunki na sa."

Saude ta karɓi wannan aiki kamar an ba ta amanar maraya. Ta sa Babangida ya saita mata ƙararrawa a waya. Ko tana tsakiyar tuƙa tuwo, in wayar ta yi ƙara sai ta saki muciya, ta wanke hannu, ta zo da ƙwayoyin a murfin kwano da kofin ruwa, ta tsaya a kaina. Biki ta daina zuwa in zai kai ta magariba. Ku kanku kun sha yi mata dariya, kuna ce mata Likita.

Jikina ya dawo. Kumburi ya saɓe, na ci abinci, fitsari ya zo kamar na yaro. Bayan wata huɗu na koma aiki, aka yi mini maraba har da lemo. Aka miƙo mini guntun fata, wani ja mai duhu da na haɗa ya fi sau ɗari. Na fita bakin ƙofa, na lashi yatsa, na goga, na duba. Babu komai. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kamar ka shiga ɗakinka da ka sani, ka miƙa hannu inda ƙusa take don ka rataye riga, ka ji bango sumul. Na tsaya a rana har gumi ya jiƙa mini wuya. Na koma na auna da ka, hannuna yana karkarwa a kan sikeli, garin rini yana zuba a ƙasa. Allah ya rufa asiri ranar, launin ya yi kusa. Amma abin bai tsaya nan ba. A salla sai in kama surar da na haddace tun ina yaro, in kai tsakiya ta tsinke. Aka kawo sababbin sinadarai, wani injiniya ya yi mana bayani sau uku, kowa ya gane, ni kuwa washegari kamar ban taɓa jin sunansu ba. Na lura da abu ɗaya: awa biyu bayan na sha ƙwayoyin safe, nan ne hazon ya fi sauka, nan ne hannun ya fi rawa.

Kuna iya tambaya me ya hana ni gaya wa likita. Na tambayi kaina wannan a kan gadon wanki fiye da yadda zan iya faɗa. Amsar ba ta da kyau. Ina ganin in na furta da bakina cewa Ya'u Mai Kala ya fara mantuwa, maganar za ta yi ƙafa ta isa Challawa kafin in isa. Mutumin da bai rubuta komai ba, in kansa ya tafi, me ya rage masa? Malam Tanko ko ba komai littafi ya bari. Ni ko buhun da aka zazzage ban kai ba. Saude ta lura, don ba a ɓoye wa matar da ta shekara talatin tana kallon fuskarka. Wata rana ta ce:

"Malam, jiya sau biyu ka tambaye ni ko an kawo ruwa. In mun koma asibiti mu faɗa musu mana."

Na daka mata tsawa. Na ce in ta buɗe baki a gaban likita, to ta san inda dare ya yi mata. Ban taɓa yi mata irin wannan magana ba sai ranar. Ta sunkuyar da kai, ta ɗauke kofin.

Sai ga ranar ganga ta biyu. Fatun awaki ne cike da ganga, ana son ruwan ƙasa mai haske. Na zuba baƙi, na juya na amsa gaisuwar wani, na juyo na sake zuba baƙi, don ban tuna na zuba ba. Da aka buɗe ganga, fatun suka fito kamar gawayi. Manaja bai yi faɗa ba, da ma ya yi ya fi mini. Ya dafa kafaɗata ya ce in huta, in riƙa zama a benci kusa da sito ina duba masu shiga da fita, in an buƙace ni za a kira ni. Sati uku na yi a bencin nan. Mutanen da da suke rusuna mini suka koma ce mini "sannu Baba" da irin muryar da ake yi wa majinyaci. Ina kallo ana fita da guntun fata bakin ƙofa, wani yana ɗaga shi sama yana juyawa, bai ma san a lashi yatsa ba.

A bencin nan na yanke shawarar. Ba shaiɗan zan ɗora wa ba, ni ne. Na ce a raina, ƙodar nan ta yi wata takwas a jikina, ai ta saba, ta zama 'yar gida. Ƙanina ne fa, uwa ɗaya uba ɗaya, wane soja ne zai yaƙi jininsa? Likitoci da ma sun iya tsoratarwa. Washegari Saude ta kawo murfin kwano, na watsa ƙwayoyin a baki, na tura su ƙarƙashin harshe, na kurɓi ruwa, na ce alhamdu lillahi. Ta ce Allah ya ƙara sauƙi. Na ɗauki buta na zaga banɗaki, na tofa su a hannu, na zuba a wani gwangwanin madara, na tura shi saman katanga ƙarƙashin kwanon rufi. Da farko na safe kawai nake ɓoyewa. Daga baya har na yamma. In ranar asibiti ta kusa, sai in sha na kwana uku ko huɗu don kada gwajin jini ya tona ni. Ku duba wannan dabara, ku gaya mini ko aikin mai mantuwa ne. Da hankalina na yi.

Kuma ba zan yi muku ƙarya ba, hazon ya ɗaga. Ko maganin ne ya sake ni, ko zuciyata ce ta raya mini, Allah ne masani, amma hannuna ya tsaya. Wata safiya aka kawo wani kore mai wuya, an ɓata gwaji biyu ba a samu ba. Na tashi daga benci ba wanda ya kira ni, na karɓi guntun, na fita rana. Awon ya zo mini gaba ɗaya, kamar an kunna fitila. Da aka buɗe ganga, Manaja ya ɗora samfurin a kan fata, ya rasa inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara. Ma'aikata suka yi ta tafi suna "Mai Kala ya dawo!" Ranar na sayo tsire na kawo gida. Saude ta yi ta murna, tana cewa ka gani, maganin ya fara karɓar ka. Na ci tsiren nan tare da ita ina kallon idonta. Sati bakwai na yi ina sarauta a ɗakin rini.

A na takwas zazzaɓi ya zo, gefen cikina inda aka yi dashen ya yi tauri yana zafi, fitsari ya ƙafe. Suka kwantar da ni, suka yi ta ƙarin ruwa da allurai, suka yi iya yinsu. Bayan kwana goma likitar ta zo ta tsaya a ƙarshen gado, ta ce ƙodar ta tafi. Ta ce abin da suka gani a jinina ya nuna maganin bai daɗe yana shiga yadda ya kamata ba. Ta tambaye ni ko akwai abin da yake damuna da shi. Na ce a'a, sai dai da can yakan ɗan sa ni mantuwa da rawar hannu.

"Ayya, Malam! Da kun faɗa ai. Wannan sananne ne. Da mun duba awonsa, ko mu sauya muku wani."

Wannan magana ita ce ta fi komai yi mini ciwo, har yau. Ƙofa tana buɗe, ni na je na fasa katanga. Girman kai rawanin tsiya, in ji masu magana, ni kuwa na naɗa shi har da kunne biyu.

Da aka dawo da ni gida dangi suka taru a tsakar gida. Gwaggonku Asabe ce ta fara, kun san bakinta.

"Likita ta ce magani bai shiga ba. To wa aka damƙa wa maganin? Yaron nan an farke masa ciki, an cire masa tsoka, an kawo gidan nan, an bar ta ta ruɓe saboda sakaci!"

Matar Ɗanlami ta fashe da kuka, ta nuna Saude da yatsa, ta ce Allah ya isa. Saude ta rantse ba ta taɓa tsallake ko sau ɗaya ba, ta juyo ta dube ni.

"Malam, ka faɗa musu mana."

Ina kwance a kan katifa a rumfa. Ɗanlami yana zaune kusa da ƙafata, ya ɗan karkace saboda gefen da aka yanka. Kalma huɗu kawai ake nema daga gare ni: ni ne na ɓoye. Na dubi ƙanina, na rufe ido, na ce:

"Ni ban san komai ba. Kun san kaina ba ya riƙe abu."

Na fake da ciwon da na yi ƙaryar ba ni da shi. Ɗanlami ya ce a bar maganar, ƙaddara ce, abin da ya bayar don Allah ya bayar. Amma daga ranar matarsa ba ta sake taka gidanmu ba, kuma a wurin dangina sunan mahaifiyarku ya zama wadda ta kashe ƙodar Ɗanlami. Ke ma Hadiza, kina budurwa lokacin, na ji ranar da kika ce mata, "Umma, ko dai kin riƙa mantawa ne?" Ta ci gaba da tankaɗenta.

Da damina ta kama, rufin banɗaki ya fara yoyo. Saude ta taka turmi don ta ɗora dutse a kan kwanon. Ranar na dawo daga wanki da la'asar, jiri yana ɗibata, na tarar da ita zaune a bakin gado, gwangwanin yana kan cinyarta a buɗe. Ba kowa a gidan. Ta ɗago kai ta dube ni.

"Sau nawa na ce maka Allah ya ƙara sauƙi, suna ƙarƙashin harshenka?"

Na ce ta kira Asabe, ta kira kowa, ta nuna musu. Na faɗa ne ina addu'a a zuci kada ta yi.

"In na nuna, da wane ido za ka kalli Ɗanlami? Da wane ido zai kalli tabon da ke cikinsa? Ni bare ce a cikinku, a zage ni a gaji. Ku kuwa ciki ɗaya kuka fito."

Na ce to ta zubar da su a masai.

"A'a. Ajiyarka ce. Zan adana maka. Ran da ka shirya, ka zo ka karɓa da bakinka."

Ta rufe gwangwanin, ta buɗe akwatinta, ta tura shi ƙarƙashin zannuwa. Shekara shida ta yi a duniya bayan wannan. Ita take raka ni wanki sau biyu a sati, ta zauna a benci tun safe har a cire mini allura. A bikin dangi takan zauna can gefe, a gaishe ta da baki ɗaya. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba ko da muna faɗa, kuma wannan ya fi zagi zafi. Kullum ina cewa bayan Salla zan faɗa, bayan girbi zan faɗa, irin goben da na riƙa yi wa manajoji. Kamfanin kuwa ko wata uku ba su jira ni ba. Sun kawo wata na'ura da ake ɗora mata guntun fata ta faɗi awo. Launukan da na sayar da ƙodar ƙanina da mutuncin matata don in riƙe, yanzu ko ɗaya ba zan iya kawo muku ba. Sun tafi duka. Amma murfin kwanon nan, da yadda take tsayawa a kaina da kofi, wannan ya ƙi tafiya.

Ni kowa yake jira in mutu, sai ga shi ita ta riga ni, zazzaɓin kwana huɗu. Ban je na karɓi ajiyata ba, har kika buɗe akwatin kika same ta, kika ce wa Asabe, "Ashe da gaske ne, ɓoyewa ta riƙa yi." Ina ji, na sake rufe ido.

Babangida, ka ɗauki takardar nan ka kai ƙauye, ka karanta wa baffanka Ɗanlami a gaban matarsa, da ƙarfi, kada ka gyara ko kalma ɗaya. In ya yafe, alherinsa ne. In bai yafe ba, hakkinsa ne, kada wanda ya matsa masa. Daga nan ka biya gidan Asabe. Ke kuma Hadiza, ban ce ki yafe mini ba. Abin da kika faɗa a kan mahaifiyarki ni na sa shi a bakinki, ki nema mata gafara, ki nema wa kanki, zunubin ki bar mini. Na san kin tafi da gwangwanin gidanki don ki riƙa nuna wa mutane. Ki dawo mini da shi gobe kafin a tafi da ni wanki. Ajiyata ce, kuma wadda ta adana mini ta ce da bakina zan karɓa.